Tumakin Ingall da Ka Sayar

Ku da za ku karanta wannan, kada wanda ya rubuto mini cewa in yi haƙuri, yaro ne. Ya yi gemu. A bainar jama'a ya yi maganarsa, nan zan ba shi amsa.

Zuwa ga ɗana Alhasan da ke Yamai. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan Agadas.

Yayarka Mariyama ta nuna mini abin da ka rubuta a waya. Ka ce ka ajiye aikin gyaran lantarki a Anu Araren don ka bi abin da zuciyarka ke so, wai yanzu da gita a hannunka ka samu kwanciyar rai. Jama'a sai yabonka suke. Ba ka dai gaya musu da me ka sayi gitar ba.

Ranar sunanka babanka, Allah ya jiƙansa, ya ware maka tunkiya guda, kamar yadda ya yi wa kowannenku. Aka kai ta wajen Buba makiyayi, can bayan Ingall. Duk shekara muna aika masa gero da shayi da sukari, ita kuma tana haihuwa, har ta zama garke.

Da zazzaɓi ya kwantar da kai a lopital, rago aka sayar. Da za ka tafi koyon aiki, raguna biyu. Kana zaune a gindin babanka yake cewa, "Namiji ake fiddawa, macen ita ce gidan." Ka ji da kunnenka, ba sau ɗaya ba.

Sai ka wanke ƙafa ka tafi Ingall ba da sanina ba, ka ce wa Buba ni na aike ka. Ka kwashe matan, huɗu kawai ka bari, har da masu ciki ka ɗiba, a ƙarshen rani, lokacin da duk haƙarƙarinsu ya fito, ka kai kasuwa aka saye su a wulaƙance. Ka sayi gita da akwatin nan mai ƙara sauti da kuke cewa ampili.

Ka san yadda na samu labari? Buba ne ya biya mota ya zo har gida. Na kawo masa ruwa ya ƙi sha, sai kallon ɗakuna yake. Daga baya ya yi ƙasa da murya ya tambaye ni wa ya rasu. A wajensu ba a sayar da tunkiya mai ciki sai masifa ta faɗa wa gida, don haka gaisuwa ya zo yi mini. Na rasa inda zan sa fuskata. Ka mai da ni abar tausayi a gaban tsohon da ya riƙe mana amana tun kana zanen goyo.

Jiya kuma ya aiko cewa ka kira shi, kana son huɗun da suka rage, wai za ka ɗauki waƙa.

Kai kaɗai ne mai abin da yake so? Tun ina koleji nake son lambu. Na yi shekaru ina buga takardun mutane a biro, wato ofis, in na dawo in ƙulla ƙanƙara in sa a firigo. Sai da kaina ya yi furfura na mallaki ɗan fili a bakin ƙorama. Yau in na shuka na'ana'a ta ƙi, ba wanda zai kwana da yunwa a gidan nan, shi ya sa nake jin daɗinta. Kai kuwa duk bikin da aka fasa a Yamai, cikinka ne zai sani. Wannan kake kira kwanciyar rai?

Ban ƙi kiɗanka ba. Ni na hana babanka ya jefar da gwangwanin da ka ɗaura wa waya kana kaɗawa, tun kana ɗan lakwal, ɗan makaranta. Waƙar da ka sa ma na saurara har sau biyu, Mariyama tana yi mini dariya. Hannunka yana da daɗi. Da ka riƙe aikinka kana bugawa ranar hutu, raguna kaɗai sun isa su saya maka abin da kake so, a sannu.

Allah ya shirye ka, ya tsare mini kai a garin mutane, ya ba ka abinci na halal.

Ga abin da na yanke. Na gaya wa Buba ko kunnen tunkiya kada ya ba kowa sai ya gan ni da idonsa. Ƙofar gida a buɗe take, tuwonka yana nan duk ran da ka zo. Amma daga yau, a gidan nan, duk wanda ya fid da mace daga garke, abin da ya saya da ita ba zai ƙetare zaure ba sai ya mai da wata a madadinta.

Uwarka,
Hadiza