Inna Saude Ba Za Ta Koma Dole Ba

Yaya Hauwa,

Sallama irin ta 'yan'uwa. Ina fatan kina lafiya, da Alhaji da yara. Ya zafin Minna? Ya ƙafar taki?

Yaya, yawancinmu mun ɗauka wanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu zaman alfarma yake yi, wai baƙo raɓa ne. Ni ma haka na ɗauka.

Akwai Inna Saude, kakar wata ɗalibata, da suka fake a wani kango a layinmu. Da damina ta sauka, wasu dattawan unguwa suka ce su koma gona a ƙauyensu, har sun nemo mota. Ta same ni a makaranta ta ce, "Malama, a gonar nan aka kashe ɗana. Ni ce zan kai wa 'yan bindiga jikata?"

Na raka ta ofishin kare haƙƙin ɗan Adam. Wata jami'a ta biyo mu har unguwa, ta durƙusa ta gaida dattawan, sannan ta ce, "Baba, 'yar ƙasa ce kamar ku. Doka ta hana a mayar da ita inda take tsoro, sai in ita ta so."

Babbansu ya ce, "To, a sallami direban."

Yanzu Inna tana sayar da ƙosai a bakin makarantarmu, yarinyar kuma tana aji.

Na san akwai irinsu kusa da ke. Ki raka ko mutum ɗaya ofishin ki gani.

Ki gaida Alhaji, ki sa Inna Saude a addu'a.

Ƙanwarki,
Bilkisu
Tudun Wada, Zariya