Tabarau ɗin Jikalle

Litinin, 3 ga Maris
Jikalle ta dawo daga shagon ɗinki ba tabarau. Tun tana firamare take sa shi. In ta cire, ko fuskata ba ta ganewa daga bakin ƙofa. Na ce, "Uwargida, ko kin gaji da ganin furfurata ne?" Ta yi dariya, ta ce Manaja ne ya ce yana mai da ita tsohuwa.

Manaja shi ne mai neman aurenta. Ni na fara yaba shi. Ya iya gaisuwa, kuma ya san na taɓa zama shugaban makaranta, abin da garin nan ya manta, har da waɗanda na koya wa rubuta sunansu.

Alhamis, 6 ga Maris
Allurar keken ɗinki ta shige mata yatsa. Wai ba komai.

Asabar, 15 ga Maris
Ta taga na hango Manaja yana tsallakar da ita titi, riƙe da damtsenta. Maƙwabciya ta ce, "Malam, jikarka ta dace da mai kula." Ni abin da na gani, tabarau ɗinta ne ya leƙo daga aljihun rigarsa.

Wai ce mata ya yi, "Ni ne idonki." Tana murmushi ta faɗa mini.

Talata, 18 ga Maris
Ba ta iya gane motar unguwarmu daga nesa, don haka shi ke kai ta, shi ke ɗauko ta, in ya ga dama. Ta wuce aminiyarta a hanya ba gaisuwa, sun ɓata. Ya ce gara haka, ƙawaye ke kashe aure.

Lahadi, 23 ga Maris
Yayarta ta zo da mijinta Bakanike, wanda ban taɓa ba wa kujera ba saboda baƙin man da ke farcensa. Tana shirin jarrabawar aikin jinya. Yana jijjiga jaririnsu a kafaɗa, yana karanto mata tambayoyi, yana kwafsa sunayen magunguna. Ta ce, "Kai dai tsaya a injin!" Ya fi ta dariya. Jikalle na gefe, ta ƙanƙance ido tana kallonsu.

Laraba, 26 ga Maris
Na roƙi Manaja tabarau ɗin. Ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "Baba, ka huta, tsufa ne." Bakinsa kawai ke murmushi.

Alhamis, 27 ga Maris
Jikalle ta kawo tabarau ɗin a karye, naɗe cikin hankici. Wai zama ta yi a kai. Akwai shatin yatsu a wuyan hannunta. Na kasa cin abinci. Me tsoho mai sanda zai iya?

Ba zan yi mata wa'azi ba. Na ƙarar da rayuwata ina yi wa yara, ban ga wanda ya ji ba. Wurin likitan ido zan kai ta.

Juma'a, 4 ga Afrilu
Mun karɓo sabon tabarau. Da ta sa, ni ta fara kallo. "Kaka, ka rame!"

Muna fitowa, ga motar Manaja can tsallaken titi. Ashe biyo mu ya yi. Yana jingine, ya kafa mata ido da fuskar nan da na sani, wadda yake yi don ya san ba ta hango shi. Ta tsaya cak. Ta damƙe hannuna har ya yi zafi.

"Kaka, dama haka yake kallona?"

"Kullum."

Ya ɗaga mata hannu ta zo. Ita ta tsayar mana da motar haya, ita ta karanta inda za ta.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Tana gidan yayarta. Ta aika masa cewa ta fasa. Har yanzu motarsa kan ratsa layinmu a hankali, duk ƙarar da na ji sai na leƙa taga.

Bakanike ya zo ya ƙara mini sakata a ƙofa, ya ce shi zai riƙa raka Jikalle shago har ta ce ya isa. Na ba shi kujerata. Ita ce dai ta fi kusa.