A Hanya Kika Haife Ni, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi, da ke kwance a maƙabartar Ma'ala, a Makka. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan ƙasa ta yi miki sauƙi.

Inna, unguwarmu Jarwal ba yadda kika bar ta take ba. Makon jiya aka kama maƙwabciyarmu Ta-Sakkwato, mai suyar gyaɗa, don ba ta da iƙama, takardar izinin zama. An kai ta Jidda jiran jirgin da zai mayar da ita gida. Kaskonta na nan a bakin ƙofa, an rasa mai ƙarfin zuciyar ɗauke shi.

Kin tuna shekarar da umda, mai unguwarmu, ya aiko magatakarda gida-gida yana roƙon mutane su ba da suna su karɓi takardar zama 'yan ƙasa? Roƙo fa, Inna. Kika ba shi ruwa da dabino, kika sallame shi. Kika ce baƙon Allah ba ya neman takarda a gidan Allah. Ƙaninki Kawu Sale ya karɓa, kuka yi ta yi masa dariya. Yau 'ya'yansa na aikin gwamnati. Ni kuwa in na ji takun askari, 'yan sandan nan, a lungu, sai in ce wa 'yan matan da nake koya wa karatu su sassauta murya.

Ban ce kin yi kuskure ba. A zamaninku, wanda ya tako daga Kano da ƙafa, sannu da zuwa ake yi masa. Yanzu alhazai da fasfo suke sauka, an ƙidaya musu kwanaki, wanda ya zarce ya zama mai laifi.

Kawu ya samo mini mafita. Dattawa biyu za su shaida a gaban umda cewa a Jarwal aka haife ni, ni kuma in rantse. Ranar Asabar ne. Kullum sai ya ce, kalma ɗaya ce, ya binti, Allah Mai gafara ne.

To amma ke kika faɗa mini, ba sau ɗaya ba: a gonar auduga kika haife ni, can Sudan, kuna neman guzurin ƙarasa tafiya. Ina da shekara uku na shigo Makka a bayanki. Kuma ke kika koya mini cewa bakin da ya sauke Alƙur'ani ba ya rantsuwa a kan ƙarya.

In na ƙi, Kano za a kai ni, garin da ban san ko ƙofa ɗaya ba. Wa zai tsaya a bayan katangar Ma'ala ranar Juma'a ya yi miki sallama?

Zan je gaban umda, Innata. Zan ce a hanyar Makka aka haife ni. In takardarsu na da gurbin wannan, alhamdu lillahi. In babu, ki yafe mini nisan.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu a inda ba a tambayar takarda.

Taki har abada,
Hauwa'u, wadda kike kira 'Yar-hanya.