Abin da Na Rubuta a Babi na Tara

Ya hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da nake gudu in fake idan rana ta take, Malamina!

Dubi yadda hannuna ya saba da kai. Na zauna da niyyar in yi maka faɗa, sai ga alƙalami yana zuba maka kirari kamar ba abin da ya faru.

Ka tuna ranar da ka shigo shagona, ka ɗora wani littafi a kan keken ɗinki, da littattafan rubutu biyu, shuɗi naka, kore nawa? Ka ce labarin wata yarinya ne da ta tashi a hannun kakarta, tana girma duniya tana buɗe mata ido. Ka ce kullum mu karanta babi ɗaya, kowa ya rubuta abin da ya ji, ƙarshen mako mu yi musaya. Na yi dariya na ce, ni da na bar makaranta a aji uku? Ka ce ai ba maki za ka ba ni ba, zuciyata kake son gani.

Wayyo ni, na yarda! Kowace safiya, kafin in taka keke, sai na karanta na rubuta, kamar ƙasa ta samu ruwan farko. A babi na tara, inda aka tsayar da yarinyar gaban aji ta kasa magana, na rubuta abin da ko yayata ba ta sani ba: i'ina ce ta kore ni daga makaranta. Na maƙale a kan sunana, aji ya fashe da dariya, na jiƙa siket ɗina a tsaye. Shafi uku na cika, don na san ido ɗaya ne zai gani.

Shekaranjiya na kawo maka rigarka makaranta. Ƙofar ofishin malamai a buɗe, fanka tana juyawa, kofunan shayi a kan takardun jarrabawa. Sai na ji maganata a bakinka! Kana riƙe da koren littafina, kana maƙale harshe, kana kwaikwayon yarinyar da na ɓoye shekara goma sha biyar, malamin lissafi yana dukan tebur. Muryar nan da nake ji kamar iskar asuba, ita ce? Ashe za a sake tsayar da ni gaban aji, kuma kai ne za ka tsayar da ni? Na ajiye rigar a kan benci na juya.

Na ga saƙonka. Wai so ka yi su ga yadda na iya rubutu. Haba, Malamina! Da i'inar ake nuna iyawa?

Ka kawo mini littafina da ƙafarka, kada ka aiko. Ka tsaya gabana ka faɗi abin da ka yi, ba tare da ka ce wasa ne ba. Babi huɗu suka rage. Ina karantawa ni kaɗai, ina rubutawa a bayan takardar awo.

Shuɗin littafinka yana cikin akwatina. Abin da ka rubuta a kan mahaifinka, na rantse da Allah, ko ba ka dawo ba, babu kunnen da zai ji shi daga bakina.

Taka, wadda ka kunyata, kuma har yanzu taka.