Kwalbar Bra Kwaku

Tremont, Bronx
Laraba, 12 ga Oktoba, 2016

Zuwa ga Rafi'atu, sanyin idona, farin cikin raina, wadda sunanta ke riga kowane suna zuwa bakina in na ɗaga hannu bayan salla. Sallama gare ki, da gaisuwa mai yawa daga zuciyar da ta saba da muryarki yadda miya ta saba da gishiri. Ina fata kina lafiya, ina fata tsohuwar nan da kike kula da ita a Riverdale tana barin ki kina ɗan hutawa.

Yau kwana huɗu ke nan ba ki ɗauki wayata ba, kuma na san dalili. Ranar Asabar gwaggonki Hajiya Adjara ta gan ni a Flatbush, can Brooklyn, ina fitowa daga shagon giya, da jakar takarda a hannu, hulata kuma a aljihu. Ran Lahadi mai zuwa ne aka sa za a kawo goron neman aurenki, yanzu kuma an ce mini a gidanku ana shawarar ko za a buɗe ƙofa ko ba za a buɗe ba. Ban rubuto don in ƙaryata Hajiya ba. Idonta garau yake, ni ne ta gani, kuma abin da take zato yana cikin jakar shi ne a ciki.

Kin tuna ranar da jirgin ƙasa na layin D ya ƙi zuwa, muka tsaya a tashar Tremont kusan awa guda, sanyi yana cin yatsunmu? Kin buɗe robar waakye, shinkafa da waken da kika dafa don aiki, kika miƙo mini cokali, kika ce, "Gafaru, ni fa ba mai mota nake nema ba. In na ce maka ina ka je, ka faɗa mini ina ka je, shi ke nan." A ranar na san ke zan aura, tun kafin jirgin ya iso. To ga inda na je, ga kuma abin da ya kai ni.

Kin san Bra Kwaku, amma a matsayin dattijon Asante mai ƙaton dariya da ke aiki tare da ni kika san shi. A 2004, da na sauka garin nan da jaka ɗaya da lambar wayar wani ɗan unguwarmu da har yau bai ɗauka ba, shi ya ba ni kujerar falonsa. Shi ya samo mini aiki a babban kantin abincin da muke. Kirista ne, ba ya fashin coci, amma tun makon farko ya kwashe naman alade daga firijinsa ba tare da na ce uffan ba. Duk ranar Juma'a, daga sha biyu zuwa uku, shi ke riƙe mini aikina in je masallaci. Shekara goma sha biyu ke nan, ko sau ɗaya bai taɓa cewa yau ba dama. Yanzu gwiwoyinsa sun gaji da tsayuwa, a Disamba zai koma Kumasi gaba ɗaya.

Da na zauna ina tunanin abin da zan ba shi, sai kunya ta kama ni. Na ba shi jallabiya, tana nan cikin ledarta. Na ba shi dabino, matarsa ce ta cinye. Na ba shi turaren da ke sa shi atishawa. Shekara da shekaru abin da ni nake so nake ba shi, shi kuma ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Abin da shi yake so na san shi sarai: ran Lahadi in ya dawo coci, ya zuba wuski ɗan kaɗan, bai kai rubu'in kofin shayi ba, ya zauna bakin taga yana jin kiɗan gida. Irin wanda yake so, single malt yake kiransa. Na ce a raina, sau ɗaya dai kafin ya tafi, bari in ba mutumin nan abin da ransa ke so.

Na zaɓi Brooklyn ne don kada wani ya gan ni. Ina zan san a layin nan Hajiya take sayen leshi? A bakin ƙofar shagon na cire hulata na cusa a aljihu, kuma duk cikin abin da na yi, wannan ya fi yi mini ciwo, domin ya nuna na san inda nake shiga.

Abin da ya faru a ciki, da a ce muna shiri, da kin yi dariya har kin riƙe ciki. Kin san aikina: duba kwanan wata a jikin kaya, tsoho a jawo shi gaba, sabo a tura shi baya, wanda ya wuce lokaci a zubar. Sai ga ni gaban kwalabe, wannan an rubuta shekara goma sha biyu, wancan sha biyar, wancan har sha takwas. Raina ya ɓaci. Na ce lallai kasuwar shagon nan ta mutu, kaya shekara sha takwas ba a saya ba, kuma ba su ko ji kunyar rubutawa ba. Na sami mai shagon, wani tsohon Bature mai tabarau a rataye da zare, na gaya masa babban aboki zan kai wa, don haka ya ba ni wanda aka kawo makon nan, ba na son kwantai. Mutumin ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da ya samu numfashi sai ya zaunar da ni kamar ɗan makaranta. Ya ce shekarun nan a cikin gangar katako abin ke yin su, kuma yawansu ne darajarsa. Ya ce single malt da sha'ir zalla ake yinsa, gida ɗaya ne ya dafa, ba a gauraya shi da na wani gida ba, kuma waɗanda ke gabana duk daga Scotland suke. Ya zuba ɗan kaɗan in ɗanɗana, na ce a'a. Ya ce to in shaƙa, na ce shi ma a'a. Ya kalle ni ta saman tabarau, ina jin a nan ya gane ko ni wane ne. Sai ya tambaye ni wane abinci abokina ya fi so. Na ce kifin banda, wanda hayaƙi ya ratsa har ƙashi, kuma kullum cikin mita yake cewa kifin Amurka ba shi da hayaƙi. Tsohon ya hau tsani ya sauko da wata kwalba daga wani tsibiri mai suna Islay, inda ya ce da hayaƙin wata baƙar ƙasa da suke haƙowa su ƙona ake busar da sha'irin. Akwai ta shekara sha biyu, akwai wadda ta fi ta. Na ɗauki ta sha biyun saboda Juma'o'in shekara sha biyun nan da ya riƙe mini aiki.

Rafi'atu, fitilar gidana da ban riga na gina ba, ki ji wannan da kyau. Ban taɓa sha ba, ko ɗigo, ba a Kumasi ba, ba a nan ba. Amma ba zan ɓuya a bayan wannan ba. Na sani tun ina makarantar allo cewa laifin bai tsaya ga mai sha kaɗai ba, ya haɗa da mai saye da mai ɗauka. Ranar Litinin na je na sami Liman da kaina na faɗa masa komai. Bai sassauta mini ba, ban kuma nemi sassauci ba. Na tuba, ba zan sake ba, ko don wa.

Shi kuwa Bra Kwaku, da na kai masa ran Lahadin da ta wuce, ya daɗe yana kallon kwalbar kafin ya kalle ni. Ya ce, "Ei, Gafaru. Kai ka shiga can? Wa ya aike ka? Da burodi ma koraa, burodi kawai, ka kawo, ai ya isa." Ya juya baya yana goge ido da bayan hannu, ya sa ta cikin akwatin tafiyarsa ba tare da ya buɗe ba. Na yi baƙin cikin abin da na yi, na kuma yi farin cikin ganin fuskarsa, duk a lokaci ɗaya. Ba zan ɓoye miki ko ɗaya daga ciki ba.

Jiya ɗan baffana Abdul-Rahman ya kawo mini saƙo daga gidanku. An ce maganar za ta iya gyaruwa in na yi abu biyu: in ce Bra Kwaku ne ya aike ni, sannan a cire shi daga cikin masu kawo goro. Da labarin ya kai kunnensa, shi da kansa ya ce zai je wurin Hajiya ya ɗauki laifin, ran Lahadi kuma ya zauna a gida. Na hana shi. Bai aike ni ba, ƙafafuna ne suka kai ni. Ubana yana kabari a Aboabo, unguwarmu ta Kumasi, yayyena suna can gida. A garin nan, in aka ce a kawo wanda ya tsaya mini a matsayin babba, wa zan kawo in ba shi ba?

Kada ki ɗauka sanyin wannan takarda sanyin zuciyata ne. Kwana huɗun nan na jera gwangwanin tumatir a layin madara har sau biyu. Duk macen da ta shigo kanti da mayafi ruwan toka sai gabana ya faɗi. Me zan yi da garin nan in babu ke? Wa zan kira in na tashi aiki? Wa zai ce mini rigata ba ta dace da wandona ba? Ina son ki, Rafi'atu, son da ban san akwai shi a jikina ba sai da na haɗu da ke, kuma tsoron rasa ki ya hana ni jin daɗin abinci. Ke ce inuwata a watan Yuli, ke ce ruwan da nake buɗe baki da shi. Ba na roƙon ki ce na yi daidai, don ban yi ba. Abin da nake roƙo, ki karanta wa Hajiya wannan takarda tun daga sama har ƙasa, har da maganar hular, sannan ki faɗa mata abin da ke ranki.

Ran Lahadi bayan azahar mutum uku za su hau benenku na titin Grand Concourse: Liman, da Abdul-Rahman, da Bra Kwaku ɗauke da goro. Ni ina ƙasa a bakin titi ina jira. In an buɗe, alhamdu lillahi. In ba a buɗe ba, ba zan ga laifinki ba, ba kuma zan daina son ki ba. Amma da na bar mutumin nan a waje don a ba ni ke, da kin auri wanda wata rana zai iya barin ki a waje don a ba shi wani abu. Ba wannan mijin nake so ki samu ba.

Naki a yau, naki ran Lahadi ko me aka yanke, naki muddin ina numfashi,

Gafaru