Dekodar Yaya Husaina

Cadakori

Zuwa ga ƙanena Tijjani mai gyaran rediyo, Agiye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina Farida da yara? Mu nan lafiya lau, gero ya fidda kai.

Na ba Sale direba takardar nan don in na kira ka a waya surutunka ba ya barina in ƙare magana. Rufaida, ɗiyar Yaya Husaina, ta samu aiki a gidan tele a Yamai. Ita ke tsayawa a gefen allo tana maida labarun rana cikin maganar hannu saboda kurame. Yarinyar da ta iya magana da hannu a cinyar uwarta tun ba ta iya ta baki ba! Ni da na ji sai da na yi guɗa.

To uwar ta ƙi. Ta ce ba ta sa albarka ga aikin da ba ta gani ba. Ka san Yaya, ji ne kaɗai Allah bai ba ta ba, taurin kai kam ta fi mu duka. Ta ce in aka gama girbi ba ta gani da idonta ba, Rufaida ta kwaso kayanta ta dawo. Yarinyar kuma ta ce ba ta saɓa ma uwarta, dawowa za ta yi.

Tun da aka koma sabon tsari tele ba ya yi sai da dekoda, rezo kuma, wato sigina, nan ba ƙarfi. Mun ɗaure antan, wato eriya, bisa gora har ya wuce bishiyar ƙofar gida, dekodarmu ba ta kama komi. Kai ne mai sana'a. Ka nemo muna wadda ke kamawa, ka rage dogon bayani.

Yayarka, Hasiya.

Agiye

Zuwa ga Yaya Hasiya.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ke da Yaya Husaina. Farida na gaisuwa.

Labarin Rufaida ya faranta mini rai ƙwarai. Na je Gazawa da kaina wurin abokina Chindo, ya ba ni dekoda iri uku in gwada. Da yake rezon Agiye ya fi naku, sai na sauke antan ɗina ƙasa na juya shi ya ba Maraɗi baya, inda rezon ke fitowa, don ya yi rauni kamar na Cadakori.

Baƙar ba ta yi komi ba, da rezo ya ragu sai ta mutu. Ƙaramar fara tana kamawa, amma muryarta na yankewa kamar mai shaƙuwa, na aje ta gefe. Babbar mai ruwan toka kuwa, Yaya, abin a yaba ce. Na kunna ta ina aikina tun safe har la'asar, ko sau ɗaya maganar ba ta katse ba. Ban taɓa jin irinta ba. Ita ce a kwalin da Sale zai ba ki.

Ki huta lafiya. Ƙanenki, Tijjani.

Cadakori

Tijjani, salamu alaikum, ina gida?

Dekodarka ta iso, kuma murya kam masha Allah, har maƙwabta na ji ta bisa katanga. To wa zai ci murya a gidan nan? Ni na roƙe ka murya?

Mun shimfiɗa tabarma, mun zaunar da Yaya gaban tele, Rufaida ta fito. Kai, ka ga yarinya tsaf! Ta ɗaga hannu za ta fara, sai hoton ya daskare. Mai karanta labari na ta zuba, ita kuwa tana tsaye hannu a sama, baki buɗe, fuska ta farfashe. Can ta zabura, ta sake daskarewa. Na yi ta nuna ma Yaya laifin na'ura ne, ina! Ta ce yarinyar ce ke ruɗewa tana manta magana gaban duniya. Ta tashi ta shige ɗaki, ranar ko fura ba ta sha ba. Wallahi na ji tausayinta har na yi hawaye.

Na san yadda ka yi gwajinka. Ka ba tele baya kana narka darma, kana saurare kana gyaɗa kai. Kunnenka babu irinsa a ƙasar nan, shi ya sa har daga Gidan Rumji ake kai maka rediyo. Amma wanga aiki na ido ne, ɗan uwana. An fara yankan gero.

Yayarka, Hasiya.

Agiye

Zuwa ga Yaya Hasiya.

Bayan gaisuwa da ban girma. Gaskiyarki, haka na yi.

Ranar kasuwa na rufe shago, na ɗauko dekoda biyun da suka rage. Na kashe murya, na toshe kunnuwana da auduga don kada su sake ruɗina, na zauna ina kallo. Farida ta leƙo ta ce ko a kira malam.

Ƙaramar farar da na raina ita ce. In rezo ya yi rauni takan sadaukar da murya ta riƙe hoto. Yakan ɗan dushe, amma hannu ba ya tsayawa. A cikinta na ga Rufaida tun daga farko har ƙarshe. Yaya, ban san haka yarinyar nan take ba. Hannu na magana, gira na magana, kafaɗa ma na magana. Ni da ban iya ba sai da na gane ana zancen ruwan sama. Na yi alfahari da ita.

Ga farar nan na ba Sale, na haɗo da sabuwar wayar antan mai kauri, ku cire tsohuwar. Bakin antan ya dubi Maraɗi. In murya ta yanke kada kowa ya taɓa komi.

Ƙanenki, Tijjani.

Cadakori

Tijjani, salamu alaikum. Allah shi yi maka albarka.

Jiya tsakar gida ta cika. Ana cikin labari murya ta ɗauke ɗif, hoto na tafiya. Malam Garba maƙwabcinmu, da ya ji an fara zancen dabbobi, ya ce, "Mi aka ce? Mi aka ce?" Babu wanda ya sani. Sai Yaya ta juyo ta nuna mini da hannu abin da Rufaida ke cewa, ni kuma na faɗa da baki: za a zo rigakafin awaki bayan girbi, kowa ya tsare nasa a gida.

Daga nan duk ita aka koma kallo. Tun muna yara ita ke jan zanena tana tambaya mi aka ce. Jiya ita aka tambaya.

Ta ce a gaya ma Rufaida ta zauna. Ta ce kuma yarinyar ta rame, Sale ya taho ya ɗauki gero a kai mata.

Yayarka, Hasiya.