Littafin Mai Gyaran Agogo

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Bayan haka, littafin nan ya kammala. Duk abin da na gani a kan teburin gyaran agogo na zuba shi a ciki, har da labarin mutumin da ya kawo mini agogon da aka wanke a aljihun riga, yana rantsuwa wai da kansa agogon ya tsaya.

Na sayar da babur, tunda dama ido ya hana ni hawa. Kuɗinsa ne jarin, babu wani a bayansa. Ina son kwafi ɗari biyar, bango mai launi da hotona, sannan a yi taro da kujerun haya. Ke ce kusa da masu ɗab'i. Ki yi mini ƙoƙari, ina so in riƙe shi in karanta kafin idon nan ya gama yi mini sallama.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, a miƙa gaisuwata ga Goggo. Ga shi na rubuta da manyan baƙaƙe yadda ka fi so.

Na zaga wajen masu ɗab'i har takalmina ya yi kuka. Baba, daidai ruwa daidai tsaki. Kafin a kai ga inji akwai mai shigar da rubutu a kwamfuta, akwai mai duba kurakurai, akwai mai zanen bango, ga kuɗin motar da za ta kawo maka kwalaye. Taro dai na soke shi, kujerun haya ba sa sayen littafi.

Takarda ce ke cinye kuɗin. Sai mai ɗab'i ya ba ni dabara: a ƙanƙanta baƙaƙe, a matse layuka, shafuka su ragu kusan da rabi. Da haka ɗari biyar ɗinka da bangonka duk sun fita. Ni kaina na yaba wa kaina. Ga samfuri guda, idan ka amince sai a kunna inji.

Ka huta lafiya.
Autarka.

*

Auta,

Bayan gaisuwa, saƙo ya iso. Bango ya yi kyau, hoton ya rage mini shekara goma. Ki ce su buga. Allah ya saka miki.

Mahaifinki.

*

Auta 'yar gidana,

Goggonki ce. Ina gajiya, ya yaran? Yayana ya ce kada in faɗa miki, ni kuwa ban ce to ba.

Ranar da littafin ya zo na same shi a ƙofar shago da tsakar rana. Ya maƙala gilashin nan na gyaran agogo a ido ɗaya, hancinsa na goga takarda, yana bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman ƙusar da ta faɗi ƙasa. Bai gama rabin shafi ba ya rufe. Ya share ido, ya ce wai rana ce.

Abokan zamansa na kan benci kuwa, ƙaraminsu ya daɗe da yin ritaya. Wannan ya karɓa ya miƙa wa wancan, kowa na cewa kai, bango ya yi. Wanda ya buɗe sai ya nisanta shi da fuska, ya matso da shi, ya rufe. Su ne fa mutanen da ke cikin littafin.

Na ce masa, Yaya, me ya hana ka gaya mata? Ya ce, “Yarinyar nan ta sha rana a kaina, kuma in ce ta koma?” Abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Ki san abin yi tun ba a kunna injin ba.

Ki shafa mini kan yaran.
Goggo.

*

Baba,

Barka da war haka. Na tsayar da bugun, saura ƙiris. Kunya ta kama ni, ni da nake rubuto maka wasiƙa da baƙaƙe manya-manya, sai ga shi na matse maka littafinka.

Ga sabon tsari. Kwafi ɗari biyu, bango launi ɗaya, hotonka ya koma ciki baƙi da fari, baƙaƙe kuma a sake su su miƙe ƙafa. Mai ɗab'i ya ce kowane kwafi zai ƙara tsada. Na ce masa na ji, amma ai wancan na farko, mai littafin ma bai iya karanta shi ba. Idan waɗannan suka ƙare, kuɗinsu ne zai bugo wasu.

Don Allah kada ka yi wa Goggo faɗa.

Autarka.

*

Auta,

Gaisuwa. Kwalaye sun iso. Na karanta babi na farko da idona, gilashin agogo na cikin aljihun tebur. Hoton dai ya dawo mini da shekaru goman nan.

Akwai gyara. Na rubuta cewa agogon da aka wanke na malamin makaranta ne, ashe na direba ne. Direban ya karanta da kansa a kan benci, ya taso yana faɗa, ya sayi biyu. A gyara a bugu na biyu.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki.